Hilux mai kafireta tana shan mai, tana baƙin hayaƙi: juyi nawa ake buɗe sukurun mai?

Ɗanlami_Aboabo:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kafireta. Ina da tsohuwar Toyota Hilux mai injin fetur 22R, wadda nake ɗaukar taki da siminti da ita daga Kumasi zuwa Ejura a nan Ghana, in dawo da masara. Tun shigowar hunturun nan ta fara shan mai fiye da ƙima, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi da zarar na taka totur, fulogai kuma suna yin baƙi ƙirin da busasshiyar kunkunniya. Wani fita, wato makaniki, ya ɗaure sukurun da ke gindin kafireta, ya ce ya rage mata mai. Abin da ya biyo baya shi ne yanzu ba ta riƙe silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, tana mutuwa duk inda na tsaya, amma hayaƙi da shan mai suna nan yadda suke. Juyi nawa ya kamata a buɗe wannan sukuru, kuma ta wane ɓangare ake juya shi idan ana son rage mai?

Masta_Issaka:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗanlami. Zan ba ka amsar tambayarka, amma ka sani tun yanzu cewa amsar ba za ta kashe hayaƙin ba. A kafiretar Aisan da ke kan wannan inji, idan ka ɗaure sukurun, mai ya ragu, idan ka kwance shi, mai ya ƙaru. Ka bari inji ya yi zafi sosai, cok, wato marufin da ke rage iska idan inji yana da sanyi, ya buɗe gaba ɗaya, matatar iska tana wurinta. Ka kashe inji, ka ɗaure sukurun a hankali da yatsu biyu a kan sukundireba har ka ji ya taɓa ƙasa, kada ka matsa, domin bakinsa siriri ne kamar allura, idan ya yi zobe ba zai ƙara saituwa ba. Daga nan ka kwance shi juyi biyu zuwa biyu da rabi, ka tayar da mota. Sai ka riƙa juyawa kwata-kwata, kana jira kaɗan bayan kowane juyi, har ka sami wurin da inji ya fi sauri kuma ya fi natsuwa. Bayan haka ka koma kan ɗaya sukurun, wanda ke tokare totur, ka sauke silo zuwa wajen juyin inji 700 a minti, sannan ka sake duba na man sau ɗaya.

Abin da fitan bai gaya maka ba shi ne wannan sukuru ba shi da iko sai a kan silo da ɗan abin da ke sama da silo. Da zarar ka taka totur mota ta kama hanya, mai yana bi ta babban jet ne, wato ramin da aka auna wa mai a cikin kafireta, sukurun ya fita daga maganar. Shi ya sa aka ɗaure shi silo ya tafi, hayaƙi kuwa yana nan. Ciwon yana wani wuri.

Alhaji_Bawa_Asawase:
Masta ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka ce abin ya fara da shigowar hunturu. Kafin ka taɓa komai, cire matatar iska ka ɗaga ta ga rana. Idan haske bai ratso takardar ba, ƙura ta toshe ta, kuma inji mai toshewar matata daidai yake da inji mai tafiya da cok a rufe. Wanda ke shiga ƙauyukan Ejura a wannan lokaci bai kamata ya jira ranar canjin man inji kafin ya duba matata ba.

Rabi_Injiniya:
Ina so in ƙara lissafi a kan maganar Alhaji, don a ga girman abin. Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na mai. Idan aka mayar da wannan zuwa lita, kowace litar fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000, kuma duk wannan iskar ta cikin matatar nan take wucewa. Kafireta ba ta auna komai da kanta, tsotson da iska ke yi a maƙogwaronta ne ke jawo mai daga jet. Idan matata ta toshe, tsotson yana ƙaruwa a kan mai, iska kuma tana raguwa, sai haɗin ya karkata zuwa yawan mai. Baƙin hayaƙi shi ne man da bai sami iskar ƙonewa ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa man inji ne, wannan wata matsala ce daban, don haka Malam Ɗanlami ya tabbatar da launin da yake gani.

Sani_Kokompe:
Gaisuwa daga Accra. Ban ga wanda ya yi maganar tsayin mai a cikin kwanon kafireta ba, alhali a wurina nan ne farkon bincike. Wannan kafireta tana da ɗan gilashi a jikin kwanon. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka goge gilashin da tsumma, ka haska shi da tocila inji yana silo. Mai ya kamata ya tsaya a tsakiyar gilashin. Idan ya cika gilashin har ba ka ganin layinsa, to ko dai fulot, wato abin da ke yawo a kan mai yana tura allura, ya huje ya sha mai ya yi nauyi, ko allurar da ke rufe shigar mai ta cinye, ko datti ya maƙale a ƙarƙashinta. Wani lokaci idan ka cire murfin matata ka leƙa ciki, za ka ga mai yana ɗiga daga bututun tsakiya inji yana silo, abin da bai kamata a gani ba sam. Motar da ke haka ko sukurun ka ɗaure har ƙarshe za ta ci gaba da shan mai.

Ɗanlami_Aboabo:
Na gode ƙwarai. Hajiya Rabi, hayaƙin baƙi ne, ba shuɗi ba, kuma man inji ba ya raguwa. Alhaji, matatar an hure ta da iska kwanan nan, amma ba a canza ta ba. Akwai wani abu da ban ambata ba domin ban ɗauka yana da alaƙa da maganar ba: famfon mai na asali da ke jikin inji ya lalace kafin hunturu, aka sa mini na lantarki kusa da tanki.

Masta_Issaka:
To, wannan da ka bari a ƙarshe shi ya kamata ka fara da shi. Wane irin famfo aka sa? Kafireta ba ta son ƙarfin mai da ya wuce psi 3 zuwa 5, psi kuwa ma'aunin ƙarfin turawa ne. Famfon motar injekta yana tura wajen psi 40, kuma na sha ganin an ɗaura shi a motar kafireta don kawai shi ne ake da shi a hannu. Ko na lantarkin da aka yi don kafireta, akwai masu ƙarfin da ya fi abin da ƙaramar allurar nan za ta iya tarewa. Mai sai ya danne ta ya cika kwano, mu koma kan abin da Sani ya faɗa. Ka duba kuma ko an toshe tiyon da ke mayar da rarar mai tanki lokacin da aka yi canjin. Shawarata ita ce ka nemi famfo irin na asali, yana samuwa a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, ka mayar da shi wurinsa.

Yakubu_Tafo:
Duk da girmamawa ga manya, ni ina ganin fitan bai yi laifi ba da ya nemi rage mai. Da tsadar fetur ta yanzu, wanda ke neman abinci da tsohuwar mota dole ya matse ta. Masu ƙera motocin nan sun saita su da yalwar mai ne a zamanin da mai ke da arha. Ni a Nissan ɗina na sa an cika babban jet da dalma aka sake huda shi ƙarami, kuma na ga bambanci a aljihuna. Idan an gama gyaran famfo, ina ba Malam Ɗanlami shawara ya yi haka.

Baba_Tanko_Direba:
Yaro, kada ka koya masa wannan. Na tuƙa Bedford mai fetur a hanyar nan tun ba a haifi da yawanku ba, kuma na ga abin da ƙarancin mai ke yi wa inji. Kai cikin gari kake yawo, shi kuwa da siminti yake hawan dutsen Mampong da ke kan hanyar Ejura a giya biyu. Inji mai ɗauke da kaya a kan hawa, idan mai ya yi masa kaɗan, zafi yake ɗauka, ka ji yana ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, lagireto ya fara tafasa. Ƙarshenta bawul na salansa ya ƙone, ko gasket na kan inji ya tashi, wani lokaci ma fistin ya huje. Kuɗin da ka tara na mai a shekara ba zai biya saukar da kan inji sau ɗaya ba. Kuma ramin jet abu ne da aka auna da ƙyar, ba a yin sa da dalma da allurar ɗinki.

Yakubu_Tafo:
Baba, na ji maganarka, kuma gaskiya ne ba na hawan dutse da kaya. Amma motata ba ta taɓa zafi ba tun da aka yi aikin. Ba na jin daidai ne a ce duk wanda ya rage mai zai ƙona bawul.

Rabi_Injiniya:
Kowannenku yana da gaskiya a inda yake tsaye. Inji ba haɗi ɗaya yake so a kowane lokaci ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya da ɗan totur, yana iya tafiya lafiya a kan 15 ko 16 na iska ga 1 na mai, kuma a nan ne ake samun sauƙin mai. A cikakken totur da kaya, yana buƙatar wajen 12.5 ga 1, domin rarar man tana sanyaya ɗakin ƙonewa, tana hana wannan ƙarar da Baba ya ambata. Masu ƙera kafireta sun san haka, shi ya sa suka sa wani ƙaramin bawul da ke buɗewa ya ƙara mai idan an taka totur sosai tsotson manifol ya faɗi, ya kuma rufe idan an sassauta. Wanda ya ƙanƙance babban jet ya rage mai a ko'ina ne, har da wurin da inji ke neman sa don ya tsira. Malam Yakubu bai gamu da matsala ba saboda aikin motarsa bai kai ta wurin ba. Idan har za a rage jet, a sayi mai lamba ɗaya ƙasa da na asali, a gwada, a ajiye na asalin. A lura kuma cewa wannan ƙaramin bawul ɗin idan ya maƙale a buɗe, shi kansa yana kawo irin hayaƙin da Malam Ɗanlami ke kuka da shi.

Muniru_Nima:
Ni abin da maigidana ya koya mini shi ne kafireta ce ƙarshen abin da ake taɓawa. Wuta tukuna. Idan distribitarka mai kwantak ce, ratar ta zama milimita 0.45, ratar fulogi 0.8. A saita bawul inji yana da zafi, na shigar mai 0.20, na salansa 0.30. Sannan a duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da fitilar taimin, ba da kunne ba, a bi abin da ke rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet, domin adadin ya bambanta tsakanin motocin da aka yi wa Amurka da waɗanda aka yi wa sauran kasuwanni. Taimin da ya yi baya yana sa mota nauyi, direba ya riƙa taka totur fiye da da, mai ya tafi. Wuta mai rauni kuma tana baƙanta fulogi ko da kafireta lafiya take. Wanda ya saita mai kafin taimin sai ya sake aikin, domin da ka juya distribita silo ya canza.

Fuseini_Sawaba:
Maganar fulogi ta tuna mini. Mu dai da launinsa muke gane komai. Idan ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai ya daidaita, idan ya yi fari fat mai ya yi kaɗan, idan ya yi baƙi ya yi yawa. Ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Masta_Issaka:
Malam Fuseini, wannan ƙa'ida ta fi aiki a zamanin fetur mai dalma. Sama da shekara ashirin ke nan da aka daina sayar da shi a Ghana, kuma man yanzu ba ya barin launi sosai, sai ka ga fulogin inji mai lafiya ya yi fari-fari, mutum ya tsorata ya ƙara mai ba dalili. Baƙi dai har yanzu baƙi ne, a nan ba mu da saɓani. Amma fulogin da aka cire bayan mota ta daɗe tana silo labarin silo kawai zai ba ka. Idan kana son labarin hanya, sai ka sa masu tsabta, ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka tsaya ka kashe inji nan take, ka cire ka duba.

Abdul_Razak_Alabar:
Kada a manta da man kansa. Wanda ke zuwa ƙauye yakan sayi na galan a bakin hanya idan ya matsu, kuma ba a rasa wanda aka gauraya da kananzir ko da firimis na masunta, wanda dama akwai man inji a cikinsa. Irin wannan yana hayaƙi, yana ɓata fulogi, babu sukurun da zai gyara shi. Malam Ɗanlami ya zuba mai daga gidan mai da ya amince da shi kafin ya yanke hukunci a kan kafireta.

Sani_Kokompe:
Akwai wani abu guda da ya shahara a kafiretar 22R wanda ya kamata a duba, minti biyu ya isa. A gefenta akwai ƙaramin famfon taimako mai fatar roba a ciki, wanda ke ƙara mai idan inji yana da sanyi, da siririn tiyon iska a jikinsa. Idan fatar ta yage, inji yana tsotsar ɗanyen mai ta cikin tiyon kai tsaye zuwa manifol, bai bi ta jet ko sukuru ba. Ka zare tiyon ka duba bakinsa. Idan ka ga danshin fetur, ka sami ɓarawon. Ba kowace ce ke da shi ba, amma waɗanda suka zo daga Amurka da tarin tiyoyi suna da shi.

Salifu_Kotokoli:
Ku yi mini afuwa in shigo da tawa, tunda masana sun taru. Datsun ɗina ba ta hayaƙi, amma ba ta silo ko kaɗan sai na riƙe totur da ƙafa. Na kwance sukurun har juyi biyar, babu abin da ya canza.

Muniru_Nima:
Malam Salifu, taka kishiyar ta Malam Ɗanlami ce. Duk sukurun da aka kwance ya wuce juyi uku da rabi bai amsa ba, to mai ba ya isowa gare shi, ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Fara da solinoid da ke jikin kafireta mai waya ɗaya ko biyu. Ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka cire wayar ka mayar, ya kamata ka ji ƙas. Idan shiru, shi ne ya rufe hanyar man silo. Idan yana aiki, ƙaramin jet na silo ya toshe, a wanke shi da maganin wankin kafireta da iska, kada a zura masa waya. Idan duk wannan lafiya, ka fesa maganin kaɗan-kaɗan a gindin kafireta da bakin tiyoyi da inda sandar totur ke shiga, inji yana aiki. Inda sautin inji ya canza, nan iska ke shiga. Ka yi hattara da wuta, kada ka fesa kusa da distribita ko manifol na salansa. Kuma duk wannan aiki a fili ake yin sa, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin injin da mai ya yi wa yawa cike yake da iskar guba marar wari, tana kisa.

Hajia_Mariama_Sipiya:
A matsayina na mai sayar da kayan mota, ina ganin wani lokaci wahalar ta fi kuɗin sabuwa. Kafiretar da ta shekara talatin, idan sandar totur ta cinye mazauninta, babu saitin da zai zauna. Akwai sababbi a kasuwa da ake ɗaurawa kai tsaye.

Masta_Issaka:
Hajiya, idan sandar ta yi lako-lako na yarda da ke, ko da yake masu injin tani suna iya sa mata bushi. Amma sababbin nan marasa suna sai an yi sa'a, wata ta zo daidai, wata fulot ɗinta a karkace tun daga kwali, jet ɗinta kuma babu lamba. Ni na fi son tsohuwar ta asali da sabon kit na gyara. Ko wanda ya sayi sabuwa, kada ya bayar da tsohuwar.

Ɗanlami_Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da aka samu. Gilashin a cike yake har sama, ba a ganin layin mai, kamar yadda Malam Sani ya ce. An auna famfon lantarkin, yana ba da psi 8. Mun mayar da irin na asali, mun canza allura da matatar iska, mai ya sauko tsakiyar gilashi. Tiyon famfon taimako a bushe yake. Sukurun ya zauna a juyi biyu da rabi, silo ya dawo lafiya lau. A cikin gari babu hayaƙi yanzu. Sai dai jiya a hawan Mampong da kaya, da na taka totur har ƙasa, na ga baƙin hayaƙi ta madubi, ko da yake bai kai na da ba. Taimin ne kawai ba a duba ba, domin mai fitilar ba ya nan.

Baba_Tanko_Direba:
Alhamdu lillahi. Ɗan hayaƙi a cikakken totur da kaya a kan dutse ba abin tsoro ba ne. Idan allurar zafi tana wurinta, inji yana ja, ka bar ta haka.

Rabi_Injiniya:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Haɗin 12.5 ga 1 ba ya hayaƙin da direba zai gani ta madubi. Idan ana ganin sa, mai ya wuce abin da inji ke buƙata, kuma rarar tana wanke man inji daga jikin silinda, tana gangarawa cikin kwanon man inji, ring ne ke biyan kuɗin daga baya. Malam Ɗanlami, tunda motar ta daɗe tana ambaliyar mai, ka zaro sandar man inji ka shinshina, idan kana jin fetur ka canza man ba tare da jira ba. Tunda hayaƙin sai a cikakken totur yake fitowa, ni zargina yana kan maƙogwaron kafireta na biyu, wanda ba ya buɗewa sai an taka sosai.

Masta_Issaka:
Ni ma can hankalina ya tafi, amma ta wata fuska. Motar da ta bi hannu da yawa, da wuya a ce ba a taɓa zura wa jet ɗinta waya ba, ko a musanya na farko da na biyu wajen mayarwa. Lambar da ke jikin jet ba ta nuna komai idan an riga an faɗaɗa ramin. Akwai kuma ƙananan ramukan iska a saman kafireta da ke gauraya mai da iska kafin ya fita, ƙurar hunturu tana toshe su, kuma idan sun toshe a babban gudu ne mai ke yin yawa.

Muniru_Nima:
Ni dai ina nan a kan bakana. Kada a sake buɗe kafiretar sai an ɗora fitila a kan taimin, an kuma tsotsi tiyon distribita an ga farantin ciki yana motsi. Idan wuta ba ta gaba yadda ya kamata, za ku canza jet uku hayaƙin yana nan.

Yakubu_Tafo:
Malam Ɗanlami, kafin a ƙara taɓa wani abu, ka cika tanki ka yi zuwa Ejura da dawowa, ka sake cikawa, ka gaya mana lita nawa ta sha da nauyin kayan da ka ɗauka. Masta Issaka, idan an buɗe ta, ina so ka rubuto mana lambar jet na farko da na biyu da ka tarar a ciki, in kwatanta da abin da ke cikin tawa.